Lambar Wayar Gidan Yaya Darlene

"Na rabu da shi, Mama. Sau nawa kike so in faɗa? Tun watan Afrilu na rabu da shi."

Corinne ce ke maganar, 'yar yayata Darlene, ita kaɗai Allah ya ba ta. Tana jingine da firij cikin rigar aikinta ta gidan kula da tsofaffi, ko takalmi ba ta cire ba, idanun nan sun yi luhu-luhu.

Yaya ba ta ɗago ba. Almakashi ne kawai ke tafiya a hannunta, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

"Rabuwar baki," ta ce. "In da gaske kin rabu da Wendell, me ya hana ki ba Preston amsa? Wata takwas bawan Allah yana jira."

Ranar Lahadi ce, mun dawo daga coci, mun baje jaridu huɗu a teburin kicin kamar yadda muka saba. Ba don labarai Yaya ke sayen jarida ba, takardun rangwamen da ke cikinta take bi. Ni Rhonda, ƙanwarta, aikina shi ne jera su cikin ƙaton fayil ɗinta mai aljihunan leda, na sabulu daban, na abinci daban, na magani daban. Shekara talatin da uku tana wannan yanka, kuma abin taƙamarta a duniya guda ne: takarda mai amfani ba ta taɓa mutuwa a hannunta ba. Kowace da ranar ƙarewarta, Yaya kuwa ta fi riƙe ranakun nan fiye da ranar haihuwata.

"Ranar Asabar iyayensa sun gayyace mu cin abinci," ta ci gaba. "Ba sai an gaya miki me ke cikin aljihunsa ba. Zobe ne. Kada ki kunyata ni, Corinne."

"Mama, ba na son sa."

"So!" Yaya ta ajiye almakashi, ta miƙa mata hannunta na dama. "Zo ki ga so. Zo ki taɓa."

A gindin babban yatsanta akwai kanta mai tauri, daidai inda almakashi ke zama.

"Ni ma so na aura. Babanki ba shi da komai sai kyan hali da tsohuwar mota, na ce ya ishe ni. Ga shi can a falo, shekara biyu da shanyewar ɓarin jiki, ni kuma ina nan ina yanka jarida don in saya masa kunzugu. Ban taɓa ɗaukar abu a kanti don kawai raina yana so ba. Ko sau ɗaya, Corinne. Sai wanda takarda ta ce in ɗauka."

"To laifin Wendell ne wannan?"

"Laifinsa shi ne irinmu ne."

Corinne ta zame ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a gwiwa, ta saki kuka marar sauti. Shekararta ashirin da tara, amma a gaban uwarta ba ta wuce 'yar bakwai ba.

Ina wurin ranar da Wendell ya fara zuwa gidan nan, don haka na san inda abin ya ɓaci. Direban motar 'yan makaranta ne, dogo, mai sanyin magana, yana da wani tsohon kare mai ido ɗaya da yake kira Biskit. Da ya ga fayil ɗin Yaya sai fuskarsa ta washe, ya zaro ambulan daga aljihu, ashe shi ma yana tara nasa takardun. Suka zauna suna musanya, ta ba shi na man goge baki, ya ba ta na kofi, suna ta dariya kamar sun shekara da sanin juna. Yana fita, Yaya ta rufe ƙofa ta fashe da kuka. Ta ce ta ga rayuwar 'yarta kaf a cikin ambulan ɗin nan.

Ba a yi wata uku ba ta kore shi. Ba da zagi ba, da roƙo. Ta ce in yana ƙaunar Corinne ya bar ta ta huta. Shi kuwa, mai kunyar tsiya, ya ce to.

Sai ga Preston, mai filin sayar da motoci a bakin babban titi. Ba mugu ba ne, gaskiya. Kawai dai irin mutanen nan ne da ba su taɓa juya kaya don duba farashi ba.

"Yaron nan ko magana bai yi ba, ya ɗauke mana nauyi," Yaya ta ce, ta juyo gare ni. "Gaya mata, Rhonda. Ke ce a kantar kantin, ke kike ganin makin sayayyata."

Na sunkuyar da kai ina gyara takardar da ba ta karkace ba.

Shekara goma sha tara ina tsaye a kantar kantin magani na Brumley, ƙafafuna sun san hakan. Tsarinmu ba wuya: ka yi sayayya, ka danna lambar wayar gidanku a ɗan injin da ke gabanka, kanti ya zuba maka maki, makin nan su zama kuɗin da za a rage maka gaba. To tun bazara makin Yaya suka fara hauhawa ba tare da ta sayi komai ba. Da su take ɗauko wa mijinta, Yaya Vernon, madarar kwalba ta marasa lafiya da man shafawa, abubuwan da inshora ba ta san da zamansu ba. Ta zauna ta yi tunani, ta yanke cewa Preston ne ke sayayya da lambarta a ɓoye. Wa kuma zai iya?

Har godiya ta yi masa a ƙofar coci, a gabana. Ta riƙe hannunsa ta ce, "Ɗana, na ga abin da kake yi mana, Allah ya saka." Ya yi murmushi ya ce, "Ba komai, Mama." Ina jin ya ɗauka furannin da yake aikowa take nufi.

"Abu ɗaya dai, injinku ya fara tsufa," Yaya ta ƙara, tana ci gaba da yanka. "Kullum sai ya fito min da takardar abincin kare a ƙasan rasit. Ni da ko kyanwa ba ni da ita. Sai dai in yaga in zubar."

Na ce zan gaya wa manaja.

Allah ya yafe min, na gaji da wannan ƙaryar fiye da yadda na gaji da tsayuwa.

Ranar Talata da hantsi ya shigo, kamar kowace Talata, bayan ya sauke yara a makaranta. Wendell. Daga can ƙarshen gari yake tahowa, ya wuce kantuna biyu da suka fi mu sauƙi. Maganin asmarsa ma ya dawo da shi wurinmu. Ya ɗora buhun abincin Biskit a kanta, da burodi, da sabulu, ya miƙa yatsa ya danna lambar gidan Yaya ba tare da ya kalli injin ba.

"Wendell," na ce, "abin nan ya ishe ni. Wani ake yi wa godiya a kan guminka."

"Madarar tana isa ga Baba Vernon?"

"Tana isa."

"To ai shi ke nan, Anti."

"Ba shi ke nan ba ne, sakarai! Asabar za a sa mata zobe."

Ya daɗe yana kallon burodin. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Na sani. Shi ya sa na ajiye aiki, gobe ce ranata ta ƙarshe. Na samu tuƙin manyan motoci a filin haƙar mai, can jihar Dakota ta Arewa. Asabar da safe zan kama hanya, in kuma aka ce dusar ƙanƙara na tafe, sai in wuce kafin ta rufe hanya." Ya share ido da bayan hannu. "Ba zan iya zama a garin nan ina ganinta a motarsa ba, Anti. Na gwada tunanin, na kasa."

"Bari in gaya wa Yaya gaskiya."

"Kin yi min alkawari. In ta ji, cewa za ta yi 'yarta nake son saye da makin kanti. Corinne kuma za ta ga kamar bashi na ɗora mata. Ki bar shi." Ya ɗauki buhunsa. "Na sayi na wata biyu yau. Makin za su kai su ƙarshen Janairu."

Ya fita. Matar da ke bayansa ta tambaye ni ko mura nake yi, na ce mata eh.

Ranar Alhamis ce ranar sayayyar Yaya, ranar da duk ma'aikatan kantinmu ke neman uzurin zuwa bayan gida. Motarta ta ƙi tashi saboda sanyi, Preston kuwa ya ji labari ya ce shi zai kawo su. Suka shigo su uku: Yaya a gaba rungume da fayil, Corinne na tura keken kaya kamar wadda aka taso daga jinya, Preston a baya cikin doguwar kwat mai tsada yana waige-waige.

Yaya tana da tsarinta, kuma wanda bai sani ba zai ce hauka ne. Kashi uku take raba kaya a kan kanta. Ta biya na farko, inji ya fito da takardar lada, ta biya na biyu da ita, na biyun ya haifi wata, ta biya na uku. Kwana biyu take yi tana tsara abin da zai bi wani. In kaya ɗaya ya shiga kashin da ba nasa ba, aikin mako ya rushe.

Ta fara jerawa. Layi ya fara tsawo. Wani mai hular ma'aikatan gini ya ja tsaki, wata mai goyo ta duba agogo. Na ga kunnuwan Preston sun yi ja.

"Mama," ya ce ƙasa-ƙasa, "mutane na kallonmu."

"Su kalla, ɗana. Ba su za su biya ba."

"Ai ni zan biya." Ya sa hannu ya ture kashi ukun suka haɗe wuri guda, ya zaro katin banki. "Anti Rhonda, haɗa duka. Mama, rufe wannan littafin, daga Asabar ma kin daina wannan wahalar. Abin kunya ne a ce surukata na riƙe layi a kan 'yan kwabbai."

Yaya ta tsaya da takardu a hannu, baki buɗe. Ban taɓa ganin wanda ya taɓa mata jeri ba, ko Yaya Vernon lokacin da yake da lafiya.

Ni dai na yi wa Wendell alkawarin ba zan faɗa ba, kuma ban faɗa ba. Aikina kawai na yi. Na juya ɗan injin ya fuskanci Preston, na tambaye shi abin da nake tambayar kowa sau ɗari biyu a rana.

"Lambar waya?"

Ya kalli injin, ya kalle ni. "Wace lamba?"

"Ta maki. Danna mana, ai ka saba."

Ya yi dariya. "Ni? Ba na ba kanti lambata, su dame ni da saƙonni. Ƙafata ma ba ta taɓa taka nan ba sai yau. Komai aikowa nake yi a kawo min gida."

Kantin bai yi shiru ba, rediyo na ta waƙoƙin Kirsimeti, mai hula na ta tsakinsa. Amma mu uku mun daina jin komai.

"Ba ka taɓa shigowa ba?" Yaya ta tambaya a hankali.

"Ko sau ɗaya, Mama. Wani abu ne?"

Yaya ta matso gaban injin. Ta miƙa yatsa, ta danna lambar gidanta da kanta. Preston ya biya. Inji ya fara aman rasit, doguwa har tana lilo a gefen kanta. Yaya ta karɓa, ta bi ta da ido zuwa ƙasa kamar yadda ta saba. Ta madarar kwalba. Ta man shafawa. Ta ƙarshe, abincin tsofaffin karnuka.

Yaya ta fi kowa sanin cewa injin nan ba ya ƙirƙira. Abin da lambarka ta saya, shi yake maka tayi a kai.

Corinne ta leƙo ta kafaɗarta. Na ga lokacin da ta karanta, ta dafe keken kaya da hannu biyu, ta ce, "Biskit," da wata murya da ba na fatan in sake ji.

Wannan karon Yaya ba ta yaga ba. Ta naɗe rasit ɗin ta sa a fayil.

Ƙarfe uku na tashi daga aiki, na wuce gidan kai tsaye, don gara in je da ƙafata a yanka ni. Na tarar da ledojin kaya a ƙasa ba a kwashe ba. Yaya na zaune a teburin kicin da kwat ɗinta a jiki, rasit a shimfiɗe gabanta. Corinne na bakin taga.

"Tun yaushe?" Yaya ta ce, ba ta ko amsa sallamata ba.

"Tun makon da kika kore shi."

"Kina kallona ina riƙe hannun wani ina sa masa albarka."

"Ya sa ni alkawari, Yaya."

"Munafuka."

"Na karɓa."

Ta rufe fuska da tafin hannu. "Wata takwas. Wata takwas ina ɗura wa mijina madarar yaron da na roƙa ya fita daga gidana. Da wace fuska zan kalle shi?"

"Ba za ki kalle shi ba," na ce, don na gaji da ɓoye-ɓoye. "Ya ajiye aiki. Asabar zai tafi Dakota ta Arewa, ko ma kafin nan in ƙanƙara ta matso."

Corinne ta juyo. Hawaye ne ke bin kuncinta, amma muryarta ba ta rawa.

"Mama, na yi miki biyayya. Kin ce in rabu da shi, na rabu. Ya kira ni sau uku ban ɗaga ba, na shiga bayan gida a wurin aiki na yi kukana na fito na ci gaba da wanke tsofaffi. Na zauna a motar Preston ina murmushi har kumatuna suka yi ciwo. In kin ce in karɓi zoben, wallahi zan karɓa, don ba ni da sauran ƙarfin musu. Na gaji, Mama. Abu ɗaya kawai nake so ki gaya min. Yau da ya ture miki kayanki, ya kira aikinki na shekara talatin da uku abin kunya, me kika ji?"

Yaya ta kafa wa rasit ɗin ido, Corinne ta ci gaba.

"Don abin da kika ji na minti ɗaya, shi zan ji kullum har in mutu."

"Talaka ne har yanzu, Corinne," Yaya ta ce, ita ma kukan ya ci ƙarfinta. "Wannan takardar ba ta canja komai ba. Za ki yanka jarida. Hannunki zai zama irin nawa. Wata rana za ki tsaya a layi ana miki tsaki, ki tuna na gaya miki."

"Na sani."

"Ba ki sani ba! Ni ma haka na ce wa uwata."

"To kin yi nadamar Baba?"

Daga falo muna jin numfashin Yaya Vernon, da ƙarar talabijin da aka rage. Yaya ta juya ta kalli ƙofar falon, ta daɗe tana kallo.

"Na yi nadamar gajiyar," ta ce. "Shi kam ban taɓa ba."

Ta jawo almakashi. Ta ɗaga rasit ɗin, ta bi layin takardar abincin karen a hankali, ƙyas, ƙyas, ba ta ci ko harafi ɗaya ba. Ta ɗaga gilashinta ta duba ranar ƙarewa, don ko gidan ne ke cin wuta sai ta duba.

"Asabar take mutuwa," ta ce. Ta tura ta gaban Corinne. "Rabin kuɗi ne a kan babban buhu. Ba tawa ba ce, kai wa mai ita."

"Mama..."

"Ban ce na yarda ba. Cewa na yi takarda ba ta mutuwa a hannuna."

Corinne ta durƙusa ta rungume ƙafafunta. Yaya ta ture ta tana faɗa, "Tashi, tashi, kina ɓata lokaci." Corinne ta zaro waya ta kira Wendell. Ta yi ta ringi har ta katse. Ta sake kira, haka.

Muka kalli juna. Duk mun san Wendell ba ya ɗaga waya in yana tuƙi, kuma tun jiya ya miƙa makullin motar makaranta. Wato ƙila ya riga ya kama hanyar Dakota.

Na cilla wa Corinne makullin tawa motar. Ko kwat ba ta ɗauka ba, ta fita da takardar dunƙule a hannu.

Yaya ta tashi da ƙyar ta je bakin taga, almakashin na hannunta har yanzu. Ƙanƙarar ta riga ta fara sauka, siririya, tana kwanciya a kan titi. Muka bi jan fitilun motar da ido har ta sha kwana.

"Rhonda," ta ce ba tare da ta juyo ba, "ki ce min tayoyin motar nan taki masu kyau ne."

"Sababbi ne. Wendell ne ya canja min su watan jiya."

"Nawa?"

"Da takardar rangwame, Yaya."

Ta yi wata 'yar dariya da ta ƙare da shessheƙa. Ta ɗora goshi a jikin gilashin, ni kuma na sunkuya na fara kwashe ledojin, don madarar Yaya Vernon ce a ciki, kuma lokacin shansa ya yi.